Karon Ɗakin Mma Suwaiba

Shekara ashirin da shida ina shimfiɗa karo a Lome, abin da 'yan'uwanmu na Najeriya ke ce wa tayil, kuma gida ɗaya ne kawai nake jin kunyar aikin da na yi a cikinsa. Ba lalacewa aikin ya yi ba. Har gobe in ka zuba ruwa a tsakar falon gidan, tsayawa zai yi ya rasa inda zai gangara. Na ɗauki biro ne don na gaji da jin ana yabon wannan daɓe a gabana.

Sunana Moumouni. Wata Asabar Alhaji Abdulƙahhar, mai shigo da motoci ta tashar jiragen ruwa, ya aiko mota ta kai ni tsohon gidansu na cikin Zongo, ya ce in zo da samfur. Ya gina sabon gida a ƙarshen unguwa, ƙasan ya kai a sa masa karo su tare, benen kuma sai a bi shi a hankali. Na tafi da guda huɗu: mai santimita ashirin, mai arba'in, mai sittin, da wani zungurere mai sittin da ɗari da ashirin, fari fat, sai sheƙi yake yi. Na jera su a tsakar gida.

Matarsa Radiyya ba ta ɓata lokaci ba. Ta sunkuya a kan zungureren, ta ga fuskarta a ciki, ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta ce, "Alhaji, wannan ne. Sauran ai na kanti ne da na makaranta."

Alhaji ya yi murmushi irin na wanda aka faɗi abin da ke ransa. Ana cikin haka mahaifiyarsa, Mma Suwaiba, ta fito daga ɗakinta. Shekara tara ke nan ba ta gani, amma in ka ga yadda ta fito ba sanda, ba lalube, sai ka rantse idonta ras. Ta gaishe ni, ta tambayi iyalina, sannan ta ce a kai ta ta taka abin da za ta ƙarasa kwanakinta a kai. Radiyya ta kama hannunta. Ta taka na ashirin, ta shafa gefensa da babban yatsanta, ta taka na arba'in da na sittin. Da ta hau zungureren sai ta tsaya cak, ta ja ƙafa gaba, ta ja baya.

"Wannan ruwa ne ko ƙasa?"

Muka yi dariya, har da ni. Ita ba ta yi ba. Ta ce, "Moumouni, zo ka ga wani abu."

Na bi ta ɗakinta. Ƙananan karo ne masu ruwan ƙasa, sun tsufa, kuma an jera su a karkace, ba su bi bango ba. Da na gani a wani gidan, cewa zan yi mai aikin bai karya kumallo ba ranar. Ta cusa babban yatsanta a tsagar da ke tsakanin karo biyu, ta bi ta suu, taku shida, ta tsaya, ta miƙa hannu gabanta.

"Nan ne gabas. Lokacin da idona ya fara tafiya, maigidana, marigayi Malam Salahu, ya sa aka jera mini su haka, kowace tsaga tana kallon alƙibla. Daga ƙafar gado shida, wurin salla. Tara, ƙofa. In na fita na bi bango, buta na nan. Ban taɓa tayar da kowa don ya nuna mini inda Ubangijina ya ce in fuskanta ba." Ta juyo wajen da take jin numfashin ɗanta. Ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne. "Alhaji, gidanka ne, ka sa abin da ka ga dama ko'ina. Ɗakina kawai nake roƙo. A sa mini ƙanana, a karkata su gabas."

"To, Mma, an gama," in ji shi.

Ba mu kai ga mota ba ya dafa kafaɗata. "Zungureren nan za ka sa tun daga ƙofar falo har ƙuryar kowane ɗaki. Tsaga kuma ba na son a gan ta, ka matse su."

"Ɗakin Mma fa?"

"Har shi. Yanzu wa ke sa ƙananan karo in ba a banɗaki ba? Ni in sa wa uwata karon masai? Mutane su shigo gaishe ta su ga ko'ina fes, ɗakinta kuma faci a karkace, me za su ce na yi mata?"

Na ce ai ita ta roƙa. Ya ce tsofaffi haka suke, duk abin da ba su saba da shi ba sai sun yi ƙorafi, kwana biyu za ta saba. Ya ƙara da cewa kada in gaya mata, ya fi so ta ji daɗin abin ba zato.  Aiki ne babba, bene na jirana a gaba, kuma na gaya wa kaina ai ɗanta ne, ya fi ni sanin uwarsa. Sati uku na yi a durƙushe ina matse karon nan, har sai da ya zamana ko farce ba ya samun tsagar da zai shiga. Na yi alfahari da shi, ba zan ɓoye ba.

Ranar da suka tare ina saman bene ina kwaɓa siminti. Na sauko in yi musu barka, na tarar an shigar da Mma ɗakinta, an sake mata hannu a tsakiya. Ta cire takalmi. Yatsanta ya fara nema, ya yi dama, ya yi hagu, ya yi gaba. Ta ɗan ƙara taku, ya sake nema. Can ta ce, a hankali, "Ina tsagar?"

"Mma, wannan irin na zamani ne," in ji Alhaji. "Irinsa ne a manyan otal na bakin teku. Babu tsohuwar da ke da ɗaki kamar naki a duk Zongo."

"Moumouni na nan?"

Ina nan. Na lallaɓa na koma sama kamar ɓarawo.

Daga ranar Mma Suwaiba ta makance na gaske. Ɗakin faɗi gare shi, tagogin gilashi ne a rufe ruf saboda na'urar sanyi da muke ce wa kilim, don haka ko ɗumin rana ba ya shigowa ya gaya mata safiya daga ina take. Kiran salla kuwa, kun san Zongo, masallaci gaba, masallaci baya, ladanai biyar a lokaci guda, kowanne daga nasa ɓangaren. Matar da ke yawo a gidanta kamar mai ido ta koma tana miƙa hannu biyu tana jan ƙafa. Ta sa aka nemo mata tsohuwar sandar mijinta, wadda rabonta da ita tun rasuwarsa.

Sandar ta yi kwana goma sha ɗaya. Robar bakinta ta cinye, ƙarfe ya fito, yana barin ɗan zane baƙi-baƙi duk inda ta dogara. Radiyya, wadda ke goge daɓen nan sau uku a rana da hannunta don ba ta yarda kowa ya taɓa shi ba, ta kira ni ta nuna mini. Na ce sabuwar roba za a sa, aikin minti biyu ne. Da Alhaji ya dawo sai ya ce a'a.

"Sanda a cikin gida? Sai ka ce ba ta da kowa? Mma, ki riƙa kira kawai, a zo a kai ki duk inda kike so. Hutu ya kamata ki yi yanzu."

Aka ɗauke sandar aka jefa a bayan mota. Kira kuwa ta yi shi. Ina sama ina jin muryarta tana ratso ƙofar da aka rufe don kada sanyi ya fita: "Radiyya. Radiyya." Wani lokacin a zo, wani lokacin Radiyya na waya, wani lokacin ta tafi kasuwa ta kulle gida. Ba zan ce mugunta ce tsantsa ba. Kiran farko na safe da fara'a take amsa shi, na bakwai ne take amsawa da tsaki.

Maganar salla ita ce ta fi ci mata rai. Radiyya takan shimfiɗa mata darduma da safe ta daidaita ta, amma darduma a kan wannan santsi ba ta da amana. Ruku'u ɗaya, sujada biyu, ta juya. In an zo shara a ɗage ta, a mayar yadda hannu ya kai. Wata Talata na sauko ɗibar ruwa, ƙofarta a buɗe, na gan ta ta kabbarta azahar ta ba Makka baya sarai, tana kallon Aflawo, bakin iyakar Gana. Radiyya na zaune a falo tana hangen ta, tana tsinke ganyen ayoyo. Na yi mata nuni da hannu. Ta ɗaga kafaɗa, ta ce ƙasa-ƙasa, "In na gyara ma anjima ta juya. Allah ai yana ko'ina."

Da Mma ta sallame na shiga na gaishe ta. Ta kama hannuna ta riƙe gam.

"Moumouni, daidai na tsaya?"

Na gaya mata gaskiya. Sai ta ce in juya ta. Na juya ta, ta sake sallar daga farko. Ban iya komawa sama ba sai da ta idar. Na ce mata akwai dabara: injin yankana zai iya tsaga layi guda siriri a kan karon, daga ƙafar gado zuwa gabas, yatsa ya samu abin bi. Wallahi fuskarta ta yi haske kamar an ce mata ga kujerar Makka. Ta yi ta sa mini albarka har na ji nauyi.

Da yamma na tari Alhaji da maganar. Ya dube ni tun daga hula har takalmi.

"Ka tsaga mini karo? Kai da hannunka ka gaya mini irin wannan ba a samun sa kullum, in ɗaya ya lalace sai an jira jirgi."

"Layi ɗaya ne, Alhaji, a ɗakin da ba kowa ke shiga ba."

"Kowa na shiga. Duk wanda ya zo gidan nan sai ya shiga gaishe ta." Ya wuce ɗakin, ni ina biye. Ya durƙusa a gabanta da ladabi, don ladabin baki kam ba a fi shi ba. "Mma, na tambayi malamai. Sun ce makaho in ya yi iya ƙoƙarinsa, duk inda ya fuskanta sallarsa ta yi. Addini ba tsanani. Ki kwantar da hankalinki."

"Wanda ya rasa mai gaya masa ake nufi," in ji ta. "Ni gida cike da masu ido."

Ya yi dariya, ya ce Mma ba ta rabo da tsokana, ya tashi.

Washegari, da Radiyya ta fita, na ɗauko baƙin sikocin da masu lantarki ke naɗe waya da shi. Na auna gabas, na liƙa shi ninki huɗu don ya yi tudu, daga gado taku shida. Na ɗora yatsan Mma a kai. Ta bi shi ta dawo, ta bi shi ta dawo, tana dariya kamar yarinya. Kwana huɗu ta yi tana salla ba ta kira kowa ba. A na biyar Radiyya ta ɗage darduma ta gani, ta ɓare shi, danƙon ya bar shaida. Alhaji bai yi mini faɗa ba, ya ce kawai wanda ya ɓata shi zai gyara, in kuma aikin benen ya ishe ni in faɗa, masu karo sun yi yawa a Lome. Na durƙusa da tsumma da fetur ina kankarewa, Mma na zaune a bakin gado tana jin ƙarar.

"Me kake gogewa, Moumouni?"

"Datti ne, Mma."



Bayan wannan ne ta fara wani abu da ya ba su abin faɗa. Sai a neme ta a ɗaki a rasa, a same ta a banɗaki zaune a kan 'yar kujerar wanka, ba wanka take yi ba, ba komai ba, a zaune kawai. Radiyya ta fara gaya wa maƙwabta tsufa ya taɓa kan Mma. Alhaji ya ce a yi mata addu'a, ƙila iskar sabon gida ce. Ni na san dalili tun kafin in tambaya, don ni na shimfiɗa banɗakin. Ƙananan karo ne masu kaushi, da tsaga mai faɗi. Na leƙa wata rana na ga tafin ƙafarta biyu a shimfiɗe a kai, yatsun suna bin layi.

"Nan kaɗai na san inda nake," ta ce mini. "Huɗu zuwa famfo, uku zuwa ƙofa. Amma ka ga, nan ba a ambaton Allah. Sai in zauna bakina a rufe."

Na ji kamar in haƙa ƙasa in shige. Na sake yi wa Alhaji magana, na ce ko kafet ne a shimfiɗa mata mai layi. Ya ce kafet na tara ƙura, likita ya hana tsofaffi, kuma me amfanin karo in za a rufe shi. Da aka ga zaman banɗakin ya yi yawa, sai aka fara kulle shi, mabuɗi a hannun Radiyya, wai don kada Mma ta kwashi sanyi.

Ranar Juma'a ta faɗi. An buɗe mata ta yi alwala, Radiyya ta koma duba tukunya, Mma ta gaji da kira ta fito ita kaɗai da jiƙaƙƙiyar ƙafa. Duk mai sana'ata ya san abin da ruwa ke yi a kan karo mai sheƙi, kuma na sani tun ranar da na ɗauko samfurin. Daga sama na ji ƙarar, tim, ba ihu, ba salati mai ƙarfi. Na same ta a kwance a gefe guda, ƙafar dama ta juya yadda ƙafa ba ta juyawa. A asibiti suka ce ƙashin ƙugu ya karye, shekarunta da ciwon sukarinta ba za su ɗauki tiyata ba, a mai da ita gida a yi jinya.

Alhaji ya yi kuka a asibitin, na gani da idona. Amma kafin mu iso gida ya riga ya gama shirya labarin da zai ba mutane. "Taurin kai ne. Mun ce ta riƙa kira, ba ta ji. Mma ba ta son a yi mata komai." Haka ya gaya wa liman, haka ya gaya wa duk wanda ya zo dubiya, su kuma suna gyaɗa kai suna cewa sai haƙuri, tsofaffi sai Allah. Ya sayo mata gado na katakon tik, ƙato, wanda sai da ƙarti huɗu suka shigo da shi. Aka ajiye shi tsakiyar bango daidai, ya yi kyau da ɗakin, kan gadon na gabas, ƙafafun na kallon yamma. Masu dubiya suka yi ta cewa Allah ya ba kowa ɗa irin wannan.

Ba ta ƙara taka ƙasa ba. A rigingine take, ko ɗan jirkita ta aka yi sai ta sume don zafi. An kawo mata dutsen taimama, tana salla da ido da kai. Duk lokacin salla takan tambaya, "Ƙafafuna gabas suke?" Su ce, "Gabas suke, Mma." An huta da kira, an huta da darduma, an huta da ruwa a ƙasa. Daɓen bai taɓa yin kyau irin na wannan lokacin ba.

Ta yi fiye da wata guda a haka. Wata rana na shiga gaishe ta, ɗakin ba kowa, ta rame har zoben hannunta na yawo. Ta ce in matso.

"Ka taɓa yi mini ƙarya sau ɗaya, ranar datti. Na yafe maka. Kada ka ƙara. Ina na fuskanta?"

Na ce, "Yamma, Mma."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da aka kawo gadon."

Leɓenta ya fara motsi. Na ɗauka addu'a take yi, ashe sallolin take ƙirgawa. Hawaye ya gangaro ta gefen ido ya shige kunnenta. Ba ta zagi kowa ba, da ma ta zaga da na fi jin sauƙi. Ta ce kawai, "Ashe har a wannan ma."

Da Alhaji ya ji na faɗa mata, ya hau ni da faɗa a bakin ƙofa, wai na tayar wa marar lafiya hankali, wai ƙaryar da ke kwantar da zuciyar uwa lada ce. Sannan ya shiga ya yi mata alkawari za a juya gadon ranar Lahadi in an samu mutane, don ba a jan irin wannan gado, ɗaga shi ake yi. Na ce mu biyu ma za mu iya turawa a hankali. Ya ce in bar shi ya shirya. Lahadi ta zo, yana tashar jiragen ruwa, kaya sun iso. Wata Lahadin an yi suna a Bagida. Ta uku ya ce ya duba, in aka karkata gadon zai tare ƙofar durowa, sai an kira kafinta tukuna. Mma ta daina tambaya, ta daina cin abinci sai ɗan koko.

Ranar wata Laraba da hantsi Radiyya ta ƙwala mini kira daga ƙasan bene. Na sauko da siminti a hannuna. Alhaji na durƙushe a gefen gado yana riƙe da hannun uwarsa. Numfashinta ya koma sama-sama, na san irinsa, na gani a wurin mahaifina. Duk Musulmi ya san abin da ake yi a wannan lokacin, ita ma ta sani.

"Ku juya ni," ta ce. "Ku juya ni gabas."

Alhaji ya sa hannu ƙarƙashin kafaɗarta zai ɗaga ta, ta saki wani nishi da ya sa ya janye. Ba dama a taɓa ta, gadon za a juya. Na kama ƙafar gadon da hannu biyu, na tokare, na ja. Ya motsa kamar taƙi guda, katako ya yi ƙara a kan karo, ƙiii.

"Tsaya," in ji Alhaji.

Na ɗago na dube shi. Hawaye shaɓe-shaɓe a fuskarsa, har yana ɗiga daga gemu. Kuka yake yi na gaske, kuma idonsa na ƙasa, a kan ƙafar gadon.

"Tsaya, Moumouni. Ɗagawa za a yi. Bari in kira mutane, yanzu-yanzu. Radiyya, nemo kwali a sa a ƙasa."

Ya fita da gudu ba takalmi. Radiyya ta yi kicin, ina jin tana zazzage kaya tana neman kwali. Aka bar ni ni kaɗai da Mma Suwaiba, hannuna biyu a kan gadon. Ni mutum ne da ke ɗaukar buhun siminti biyu a lokaci guda. Ja uku zan yi, ko huɗu, gadon ya kalli gabas. Ba wanda ya riƙe ni, ba wanda ke kallo na. An ce in tsaya ne kawai, na kuwa tsaya, kamar yadda na saba tsayawa tun ranar da aka dafa kafaɗata a bakin mota.

"An juya?" ta ce.

"Saura kaɗan, Mma."

Ta fara kalmar shahada, ina karɓa mata. Ta yi sau biyu. A na uku muryata kaɗai na ji.

Da Alhaji ya dawo da mutum biyu daga shagon tela na bakin titi, Radiyya kuma da kwalin taliya a yage gida huɗu, na riga na rufe mata ido. Suka yi salati. Sannan muka kama gadon mu huɗu, muka ɗaga shi cak, muka juya gawar gabas, muka sauke a kan kwali a hankali. Ko ƙara ba a ji ba. Bai ɗauke mu minti ɗaya ba.

An yi zaman makoki na kwana uku, kuma Zongo kaf ta zo, don Alhaji mutum ne mai jama'a. Aka fitar da gadon, aka buɗe ɗakin don mata su samu wurin zama, aka ɗora wata 'yar tabarma a kan zanen da ƙafar gadon ta yi lokacin da na ja shi. Liman ya yi wa'azi a kan biyayya ga iyaye, ya ce ga misali a gabanku, wanda ya ɗauko uwarsa daga tsohon ɗaki ya sa ta a inda ko ƙura ba ta taɓa ƙafarta. Alhaji ya sunkuyar da kai yana share ido. Ina jin mata a ciki, tsakanin addu'a da addu'a, suna tambayar Radiyya santimita nawa ne wannan, a ina aka samo, yana da wuyar gogewa?

Ina rakuɓe a bakin ƙofar falo zan sa takalmi, wani dattijo mai babbar riga ya tsaya kusa da ni. Ya ce shi ma yana gini a Bagida, iyayensa biyu za su tare da shi in Allah ya yarda. Ya shafa daɓen da tafin ƙafarsa, ya sunkuya ya nemi tsaga bai samu ba, ya girgiza kai don mamaki.

"Malam, an ce kai ne ka yi wannan aikin?"

Na ce, "Ni ne."